Daga Littafin Haraji Zuwa Lambar NIN: Tarihin Rubuta Mutane a Ƙasar Batsari da Safana

Darini da sauran garuruwan ƙasar Batsari da Safana suna yammacin jihar Katsina ne, a gefen dajin Rugu, kusa da iyakar Zamfara. Shekara fiye da ɗari ke nan hukumomi suna rubuta sunayen mutanen wannan yanki, kowace da dalilinta: En'e don haraji, hukumar zaɓe don ƙuri'a, kamfanonin waya don layi, bankuna don asusu, gwamnatin tarayya don katin ɗan ƙasa. Littattafan sun bambanta, amma kowanne, kafin a sa sunan mutum na farko a ciki, sai da wani ya zauna ya yanke shawara biyu. Ta farko, waɗanne gurabe za a cike game da kowane mutum. Ta biyu, wace doka za a bi idan suna biyu suka yi karo, ko mutum ya rasu, ko ya tashi daga garinsu. Ba a cika ba da labarin waɗannan shawarwari ba, alhali su ne ke tare talaka a ƙofa ranar da ya je neman haƙƙinsa.

Zamanin malamin haraji

Turawan mulkin mallaka sun shigo Katsina a 1903. Bayan shekara uku suka tuɓe Sarki Yero, suka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko. A zamaninsa ne, tare da jami'in Turawa Richmond Palmer, aka kafa baitulmalin En'e a Katsina, ɗaya daga cikin na farko a Arewa. Baitulmali sai da lissafi, lissafi kuma sai da sunaye. Aka rarraba ƙasa gunduma-gunduma, aka ce kowane hakimi ya zauna cikin mutanensa tare da malamansa. Ƙasar Ruma, wadda Batsari ta zama mazaunin hakiminta, tana hannun Sarkin Ruma. Safana kuwa a yau Yariman Katsina ne hakiminta.

Littafin haraji tsarin sarauta ya bi: daga sarki sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa, sai maigida. Wanda ake nema shi ne baligi namiji mai iya biya. Mata da yara ba su da layi nasu, in ma sun shiga, a matsayin adadi suke shiga ƙarƙashin sunan maigida. Makiyayi kuwa shanunsa aka fi damuwa da su, tunda jangali a kan kowace saniya ake yanka shi. Babu gurbin ranar haihuwa, babu gurbin sunan dangi. Idan Musa uku suka haɗu a unguwa ɗaya, malam ya rubuta Musa Dogo da Musa Maƙeri da Musa na Ladi, magana ta ƙare, domin mai unguwa na tsaye a gefe, ya san kowa da ubansa da gonarsa. Shi ke hana a rubuta mutum sau biyu. Shi ke faɗin wanda ya rasu, da wanda ya tafi cirani, da yaron da ya isa a sa masa haraji.

Ba littafin alheri ba ne. An sha duka da ɗauri a kansa, akwai kuma waɗanda suka bar garuruwansu dominsa. Sai dai yana da hali guda da na bayansa suka rasa: duk shekara ana sabunta shi, a gaban waɗanda suka san mutumin. Takardar biyan haraji kuwa ita ce shaidar matafiyi, ita ɗan sanda ke tambaya a hanya.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. A wannan tsakanin ne, daga 1976 zuwa zaɓen 1979, matan Arewa suka sami damar jefa ƙuri'a, sunayensu suka fara shiga kundin hukuma da yawa, kowace da layinta. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 1987. Talakawa sun yi murna, kuma da gaskiyarsu. Ko da yake daga baya an riƙa dawo da haraji da wasu sunaye, littafin mai unguwa bai sake komawa da ƙarfinsa na da ba.

Katin ɗan ƙasa na farko

A shekarar da aka soke haraji, gwamnatin soja ta Obasanjo ta zartar da Doka ta 51 ta 1979, wadda ta tanadi a yi wa kowane baligi rajista a ba shi katin ɗan ƙasa. An yi ta ba da kwangila ana sokewa har shekara ashirin suka wuce. Sai a 2001 gwamnatin farar hula ta ba kamfanin SAGEM na Faransa aikin a kan dala miliyan 214, aka fita rajista a farkon 2003. An rubuta mutum kimanin miliyan 52, amma katin da ya fito bai wuce na mutum miliyan 37 da wani abu ba. Kafin shekarar ta ƙare an gurfanar da wasu manyan jami'an gwamnati a kotu bisa zargin karɓar cin hanci a kan kwangilar. Babbar asarar ita ce, an ɗauki aikin a matsayin buga kati sau ɗaya, ba a matsayin kundin da zai ci gaba da rayuwa ba. Wanda ya balaga bayan an tashi ba shi da ƙofar shiga, wanda ya rasu ba mai goge shi.

Yadda masu kwamfuta suka tsara nasu kundin

A cikin waɗannan shekaru, injiniyoyi a jami'o'i da kamfanonin Turai da Amurka suna fama da ƙaramar irin wannan matsala. Ma'aikaci ɗaya, sunansa na cikin kwamfutoci goma, ranar da ya bar aiki sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. A 1988 ƙungiyoyin tsara ƙa'idojin sadarwa na duniya suka fitar da X.500, tsarin kundin sunaye guda da kowace na'ura za ta riƙa tambaya. Ya yi wa kwamfutocin lokacin nauyi, sai a 1993 aka fito da hanya mai sauƙi mai suna LDAP, aikin Tim Howes na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa. A kanta aka gina OpenLDAP a 1998, da Active Directory na kamfanin Microsoft wanda ya zo tare da Windows 2000. Ita kuwa manhajar irin wannan kundi ta kamfanin Netscape, Red Hat ya saye ta a 2004, ya sake ta kyauta ga kowa a 2005. Ita ce a yau ake kira 389 Directory Server, wadda ke tsakiyar manhajar kula da shaidar ma'aikata ta FreeIPA.

Kundin yana da siffar bishiya: ƙasa, sai ƙungiya, sai sashe, sai mutum. Abin da ke riƙe da shi shi ne ƙa'idar gurabe. Kowane gurbi yana da suna, da lamba tasa da ba a maimaita ta ko'ina a duniya, da bayanin irin abin da ke shiga cikinsa, rubutu ko lamba ko lokaci. An fayyace ko abu ɗaya tak yake ɗauka ko da yawa, an kuma fayyace yadda za a gwama rubutu biyu a ce ɗaya ne. Daga nan aka harhaɗa gurabe aji-aji, kowane aji da na wajibi da na ganin dama. In aka bar na wajibi babu komai, na'urar da ke riƙe da kundin, wato sabar, ta ƙi karɓar mutumin ɗungurungum. Ajin mutum a wannan ƙa'ida gurbi biyu ya wajabta: cn, wato cikakken suna, da sn, wato sunan dangi. Waɗanda suka rubuta ta sun ɗauka kowane ɗan Adam yana da sunan dangi da ake gada kaka da kakanni. Amma kuma sun bar ƙofofi biyu a buɗe. Gurbin cikakken suna yana iya ɗaukar sunaye da yawa na mutum ɗaya, kuma tun fitowa ta uku ta LDAP a 1997 yana karɓar haruffan kowane harshe, har da ƙ da ɗ da ɓ.

Ƙa'idar gurabe kaɗai ba ta isa ba, saboda haka ake maƙala wa sabar ƙananan manhajoji, kowace da aikinta. Ɗaya tana hana mutum biyu su riƙe lamba ɗaya. Ɗaya, in aka goge mutum, tana bi ta cire sunansa daga duk rukunin da yake ciki. Wata tana raba wa sabobi lambobi kaso-kaso don kada biyu su ba da lamba guda. Aikin da mai unguwa ke yi da ka, shi aka rarraba wa waɗannan manhajoji. Bambancin shi ne su ba su san kowa ba, abin da mai kula da kundin ya saita musu kaɗai suke bi. In ya ɗora dokar hana maimaici a kan suna maimakon lamba, Musa Abdullahi na biyu ba zai shiga ba. In ya kashe ta, mutum ɗaya ya shiga sau uku. Kuma ko a 389 Directory Server, wannan manhaja abin da ke cikin sabarta kaɗai take gani. In sabobi biyu suka karɓi lamba ɗaya kafin su yi musayar bayanai, sai daga baya karon zai bayyana. Shi ya sa masu wannan sana'a suke da dokoki da suka gada: kada a taɓa gurabe na asali, a ƙara sababbi a gefe, gurbin da aka daina amfani da shi a yi masa alamar ya tsufa, kada a goge shi, kuma duk sabobin da ke musaya su kasance da ƙa'ida iri ɗaya. Tun ran gini tun ran zane, domin gyara gurbi bayan miliyoyin sunaye sun zauna a cikinsa ya fi gina shi wuya.

Kundin ƙasa ya fi na kamfani girma nesa ba kusa ba, manhajojinsa ma daban ne. Amma tambayoyin su ne dai: wane gurbi ne wajibi, suna nawa mutum zai iya riƙewa, da me za a gane maimaici.

Littafi huɗu, mutum ɗaya

A 2007 aka kafa hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC da Doka ta 23, aka ɗora mata ba kowa lamba mai alƙaluma 11, wato NIN, wadda ba ta canzawa har mutuwa. Aikinta ya tafi a hankali, sauran hukumomi kuwa ba su jira ta ba.

Hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta fita da na'urorin ɗaukar hoto da yatsu a farkon 2011, ta rubuta mutum miliyan 73.5. Nata kundin ma bishiya ne: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa, kuma lambar jihar Katsina a ciki ita ce 20. Bayan an tace maimaici da zanen yatsu, aka kuma ƙara sababbi, rajistar 2015 ta tsaya a miliyan 68.8. A zaɓen wannan shekara aka fara amfani da na'urar tantance kati, wadda ta yi gardamar karanta yatsan Shugaba Jonathan kansa a rumfarsa ta Otuoke. Manomi da maƙeri da matar da ta shekara talatin tana daka, waɗanda aiki ya cinye zanen yatsunsu, sun fi kowa sanin wannan gardama.

Hukumar sadarwa ta NCC ta fara rajistar layukan waya a 2011. A 2015 ta ci kamfanin MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka fiye da miliyan biyar da bai yanke ba, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN ta masu asusun banki a Fabrairun 2014. A watan Agusta na shekarar Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da sabon katin NIMC mai ɗauke da tambarin MasterCard.

Haka ɗan Batsari ko Safana ya wayi gari a littafi huɗu, kuma da wuya biyu su yi daidai. Dalilin yana cikin yadda Bahaushe ke suna. Akwai sunan yanka, akwai sunan rana kamar Talatu da Ɗanladi, akwai laƙabin da aka sa don sakaya sunan kaka ko suruki. Abubakar ɗaya ne da Garba da Habu, A'isha ɗaya ce da Indo. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, matar ƙauye ba ta kama sunan mijinta, ga ma'aikaci yana tambaya a bainar jama'a. Gurbin sunan dangi kuwa kowa da abin da ya cusa masa. Makarantun boko sun saba ba yaro sunan garinsu, kamar yadda aka sami Aminu Kano da Isa Kaita da Shehu Shagari, don haka takardar makaranta ta ce wane Ruma, banki ya rubuta sunan uba, katin zaɓe ya rubuta sunan kaka. Mace tana da sunan mahaifinta a nan, sunan mijinta a can. Muhammad kaɗai yana da rubutu kusan biyar, ga Ɗ da Ƙ da ake mayarwa D da K, ga alamar hamza da wasu na'urori ke ƙi.

Ranar haihuwa ta fi wannan rikici. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma a ƙauye mafi yawan manya a gida aka haife su ba takarda. Dattijo yakan auna shekarunsa da farin 1973 ko shekarar soke haraji. Na'ura kuwa rana da wata da shekara take so, ba ta da gurbin kintace. Ma'aikaci ya dubi fuska ya rubuta ɗaya ga Janairu, na gaba a wata hukumar ya dubi fuskar ya rubuta wata shekarar.

Ranar da aka haɗa littattafan

Muddin kowane littafi na zaman kansa, wannan saɓani bai dami kowa ba. Ya zama damuwa ne da aka fara ɗaure su da juna. A tsakiyar Disamban 2020, bisa umarnin Ministan Sadarwa Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN cikin mako biyu. A lokacin masu lambar kimanin miliyan 43 ne. Aka dakatar da sayar da sabon layi har Afrilun 2021, ofisoshin NIMC suka cika maƙil a tsakiyar annobar korona, aka yi ta ɗaga wa'adi. Daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta NIN ga mai neman jami'a. A Afrilun 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 72 kiran waya. A Disamban 2023 Babban Banki ya ce asusu ma sai da BVN ko NIN, manyan asusu kuwa sai da duka biyun. Matsin ya yi aiki ta fuskar adadi: a 2023 masu NIN sun haura miliyan 100, tare da tallafin shirin dala miliyan 430 na Bankin Duniya da abokan haɗin gwiwarsa, wanda ya buɗe wa 'yan kasuwa masu lasisi ƙofar yin rajista.

Wannan duka ya sami Batsari da Safana cikin mafi munin shekarunsu. A Fabrairun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari, suka ƙona gidaje. Ƙauyuka da yawa sun watse, mutane suka kwararo garin Batsari da Dutsin-Ma da birnin Katsina. Wanda ya gudu cikin dare ba ya tsayawa neman takarda. A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse sabis na waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana da Ɗanmusa, ba a fara maido da shi ba sai a Disamba. Wato a lokacin da ake gaya wa mutum ya haɗa layinsa kafin wa'adi ya cika, yankinsa ba sabis ko na aika saƙo. Na'urar rajista tana iya ɗaukar hoto da yatsu ba netiwok, amma lamba ba ta fita sai bayanan sun isa babban kundi an gwama su da na kowa. Da aka zo canjin kuɗi a farkon 2023, takardar kuɗi ta ɓace, manomi da mai kiwo suka koma ga masu POS, asusu ya zama dole. A nan mutane da yawa suka fara jin cewa sunansu na banki bai zo ɗaya da na NIN ba.

Gyara yana yiwuwa, amma da kuɗi da tafiya. An daɗe ana biyan naira 15,000 kafin a gyara ranar haihuwa, ban da takardar rantsuwa ta kotu da kuɗin mota, kuma farashin ya ƙara hawa daga baya. Kuskuren da ma'aikaci ya yi cikin minti ɗaya, mai sunan ke biyansa.

Abin da ya rage

A 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba mutum ikon neman a gyara abin da aka rubuta a kansa ba daidai ba. A shekarar aka mayar da NIMC ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, Abisoye Coker-Odusote ta gaji Aliyu Aziz a shugabancinta. Wa'adin ƙarshe na haɗa layi ya cika a Satumban 2024. Alƙiblar a bayyane take: NIN ce za ta zama uwa, sauran littattafai su riƙa tambayarta.

Idan haka ne, gurabenta sun cancanci a sake dubansu, kuma akwai wanda ya riga mu. Indiya, da ta fara ba da lambar Aadhaar a 2010, gurbi guda ta yi wa suna ba ta raba shi gida biyu ba, ta kuma yarda a nuna ko ranar haihuwa tabbatacciya ce, ko faɗar baki ce, ko kintace. Ta tanadi mai gabatarwa da zai tsaya wa wanda ba shi da takarda. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari na'ura, shawara ce ta mai tsara kundi. Gurbin da zai riƙe tsohon suna da laƙabi kusa da sunan yanka, alamar da za ta nuna shekarun kintace ne, da dokar gwama suna wadda ta san Muhammadu da Mohammed mutum ɗaya ne, za su rage yawancin tafiye-tafiyen da ake yi daga ƙauye zuwa Katsina. Rajistar haihuwa a asibitin karkara da gidan dagaci kuwa ita ce kaɗai za ta hana yaran da ake haifa yanzu a Darini da Wagini da Runka gadon saɓanin da iyayensu ke biyan kuɗi su gyara.